Kiran Bakin Rijiya

Ku ɗiyana, da ku jikoki da kunka fi ni karatu nesa, ga abin da kunka daɗe kuna tambaya. Kun sha jin tsofaffin Giyawa suna ce mini Mai-kira, kuma kowa da fassarar da ya ba abin. Wasu sun ce don ni ke bi gida-gida ina kiran mata ajin yaƙi da jahilci. Halima, mai bi wa babban yayanku, cewa ta yi don na cika kiran kaji. Duk ba haka ba ne. Kuma tun babanku na da rai nake jin ana faɗi cikin gidan nan cewa shi ya hango nesa ya sa yayanku aikin gona. Allah ya jiƙan babanku, ya hango abubuwa da yawa, amma wannan bai hango shi ba. Bari in faɗa muku yadda anka yi tun hannuna na iya riƙe alƙalami.

Ku na yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba yadda munka same ta. Yau sai in ga yarinya ta ɗauki ɗanta na fari tana yi masa wasa gaban surukai, har tana kiran sunansa da ƙarfi. Mu ba haka anka tashe mu ba. Tun ranar da anka yaye yayanku, kakarku ta wajen uba, wadda kuke ce wa Inna Tsohuwa, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta. Sunansa bai taɓa fita bakina ba. In ya faɗi yana kuka, sai in ci gaba da dakana har wata ta ɗaga shi. In anka tambaye ni ɗiya nawa gare ni, daga Halima nake fara lissafi. In na ga yana jin yunwa, sai in juya wajen bango in ce, akwai tuwo cikin akushi, ko wa ke so. Shi ma haka ya tashi, ba ya zama inda nake, ba ya ɗaga ido ya dube ni. Ranar da hakimi ya aiko a ba da yaro makarantar boko, anka ɗora shi bisa jaki zuwa Goronyo, matan gida sunka yi ta kuka, ni kuwa ina tankaɗe. Kada ku ce rashin so ne. Uwar da anka hana ta kallo ita ke koyon gani da gefen ido, kuma abin da gefen ido ya gani ba ya ɓacewa. Ni na san tun yana ƙarami yakan laɓe bayan rumbu ya yi 'yan gonakinsa, ya jera karan dawa ya ce mutanensa ne, ya riƙa ba su umurni.

Daga Goronyo anka kai shi Sakkwato, daga can kuma makarantar koyon aikin gona can wajen Zariya. Shekarar da nake ba ku labari ita ce ta ƙarshensa a makarantar, Turawa na nan ba su tafi ba tukuna, ana dai ta rade-radin tafiyarsu. Ya iso mana cikin bazara, zafi kamar ya tsaga ƙasa, da akwatinsa na ƙarfe da gajeren wandon kaki, ya yi tsawo har sai ya sunkuya ya shiga ɗakin kakarsa. Gida ya cika da murna. Da yake Inna Tsohuwa kunnenta ya yi nauyi, dole ya ɗaga murya, don haka duk abin da ya faɗa mata a madafa na ji shi. Ya ce makarantar ba ta sallamar ɗalibi sai ya yi damina guda yana aikin gwaji a ƙasarsu. En'e, wato hukumar sarki ta lokacin, za ta ara masa bijimai biyu da galmar shanu daga gonar gwaji ta Wurno. Shi kuma aikinsa ya sami manomin da zai yarda ya ba shi fili ya huɗe da shanun. In kaka ta yi, Baturen gona zai zo ya duba, in abin ya yi masa, a ɗauke shi malamin gona na ƙasarmu. In kuwa ruwan shuka ya sauka bai sami fili ba, shanun a ba wani ɗalibi ɗan Rabah, aikin ma ya bi shanun.

Kun san wasan jika da kaka, ita tana ce masa ango, shi yana ce mata amarya. Ta saurara har ya ƙare, sannan ta ce:

"To angona, shekara da shekaru kana can kana shan tawada, ashe noma za ka dawo? Da ka hwaɗa min tun hwarko, ai da na ba ka kalmen kakanka mun huta da kewa."

"Amarya, wanga ba noman kalme na ba. Shanu ka ja, ni ko in bi su baya."

"Su gaba, kai baya? To wa yay yi karatun, kai ko su?"

Ya yi dariya, ta yi dariya, ni ma na toshe bakina da gefen zane. Amma babanku bai yi dariya ba. Shi ya riga ya yi nasa shirin. Yana da aboki dillalin fata a kasuwar Goronyo, wanda ya san babban akawun wani kanti a Gusau, kuma an ce ana neman yaro mai hannu da lissafi. Farar riga, kujera, inuwa, alƙalami maƙale a kunne. Babanku ya yi noma tun ƙuruciya har bayansa ya lanƙwashe, ya ga shekarar fara, ya ga shekarar da gero ya bushe a tsaye. Abin da ya faɗa wa yayanku a zaure har cikin gida anka ji shi.

"Ban ba da kai boko ba don ka dawo min da laka ga ƙahwa. Noma na iya shi, ubana ya iya shi, ba mu je Zariya ba. Gonata ko, ƙarhen Nasara ba shi shiga cikinta."

Yayanku ya shiga zagaya gari yana neman fili. Kullum ya fita da sassafe da zumuɗinsa, ya dawo da azahar kafaɗa a sake. Wasu sunka ce galmar za ta tono matacciyar ƙasa ta binne mai rai. Wasu sunka ce kofaton shanu zai daddaɓe gona ta koma daɓe. Fulanin da ke mashekari bayan gari sunka yi ta dariya, wai an ga lalacewar zamani, za a sa bijimi aikin jaki. Mai-unguwa shi ya faɗa masa gaskiyar da kowa ke ɓoyewa.

"Yaro, gonar ubanka ta hi tawa girma. Ranar da yab ba ka tashi, zo ka ɗauki tawa."

Ina da gayauna a bakin tsamiya, hanyar fadama, gadon ubana. Ba ta da girma, amma gyaɗa da waken da nake samu cikinta su ne rufin asirina, da su nake tara wa Halima kwanoni. Na kwana na tashi da abin a raina, sannan na tafi wajen Inna Tsohuwa, don ta bakinta duk wani saƙona ke isa gare shi. Na durƙusa na ce ko za ta gaya wa angonta akwai gayauna.

"Ni in kai saƙon da za shi raba angona da kujera? Ke yarinya, nemi wani jakin, wanga ya gaji."

Sai na nufi babanku. Na same shi da hantsi gindin durumin tsakar gida yana sa wa kalme ƙota. Na ajiye masa fura, na zauna nesa kaɗan, na jira har ya sha.

"Malam, gayaunar nan tawa ta bakin tsamiya."

"Mi yas same ta?"

"Ba komi. Na ce ko a ba wancan. Mai shanun."

Ya ajiye kalmen ya dube ni, har da ɗan murmushi.

"Gayaunarki ta, gadon ubanki ta, ba ni hana ki. Ki ba wanda kinka so. Amma ban yarda a aiki kowa ba, ba Inna ba, ba Halima ba. In kina son shi ji, kira shi ki hwaɗa mai da bakinki."

Babanku ba mugu ba ne, sanina ya yi. Ya rufe ƙofar a hankali yadda ba wanda zai ce ya rufe ta. Na gwada dabarata ta kullum. Yayanku ya zo wucewa ina sheƙe gero, na juya wajen bango na ce, akwai gayauna bakin tsamiya, ko wa ke so. Na ji tafiyarsa ta tsaya cak. Ya fita da sauri zuwa zaure. Can sai na jiyo muryar babanku.

"Ta kira ka? Ta ambaci sunanka? Bango tag gaya wa. Bangon shi je shi huɗe ta."

Yayanku ba yaron da zai tsallake maganar ubansa ba ne don abin da anka gaya wa bango. Hadari ya fara haɗuwa gabas yana watsewa, kowa ya fito da irinsa yana gyara. Daga ƙarshe yayanku ya ce wa babanku ya yarda, zai tafi Gusau. Anka ɗinka masa farar riga. Anka sa ranar kasuwar Goronyo, don ranar ce motar Sakkwato ke tashi. Inna Tsohuwa ta soya masa gyaɗa, ta yi ta tsokanarsa wai kada akawu ya manta da tsohuwar amarya. Shi dai sai ya yi yaƙe.

Da asubar ranar ruwa ya sauko. Ba yayyafi ba, ruwan shuka sosai, irin wanda ke tashin kowa daga barci da hamdala. Gari ya waye da ƙamshin ƙasa, yara na ta gudu cikin taɓo. Uwa ba ta rakiyar ɗan fari, ba ta ma tsayawa a yi sallama gabanta, don haka na ɗauki tuluna na tafi rijiya. Na kuwa san hanyar Goronyo ta gaban rijiyar ta bi. Mata sun cika wurin, ana ta hirar ruwa, ƙawata Tumba na jan guga tana ba da labarin yadda ɗakinta ya yi yoyo bisa kan mijinta. Sai ga su. Babanku gaba da sandarsa, jaki a tsakiya da akwatin ƙarfe, yayanku a baya cikin farar riga. Yayanku ya ce, sannunku da aiki, kamar yadda yakan gaida mata a dunƙule, sunka amsa, ni na duƙar da kai cikin tulu. Sun ɗan wuce kaɗan, da gefen ido na ga yayanku ya tsaya. Ya duƙa ya damƙi jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya murza ta cikin tafinsa, ya kai hanci ya shaƙa. Sannan ya watsar, ya goge hannun a jikin sabuwar rigar bai ma sani ba, ya bi bayan jakin.

Kun san muryata. Ko cikin ɗaki sai kun ce in maimaita. To ranar ban san inda wata murya ta fito ba. Na miƙe tsaye na kira shi, da sunansa na yanka, wanda liman ya raɗa masa. Gugar Tumba ta suɓuce, igiya da komi ta bi ta cikin rijiya. Wurin ya yi tsit, har jakin ya tsaya. Yayanku ya juyo yana duban matan ɗaya bayan ɗaya, ya wuce ni, ya sake dawowa. Bai gane mai kiran ba. Ina zai gane, bai taɓa jin sunansa cikin muryata ba.

"Wa ak kirana?"

"Ni ta. Uwarka."

Tunda an fara sai a ƙarasa.

"Gayaunata ta bakin tsamiya, na ba ka. Tahi Wurno ka ɗauko shanunka, ƙasa ta jiƙa."

Wata tsohuwa ta ce, la'ilaha illallahu. Wata ta rufe fuska da mayafi kamar ita ta yi abin. Yayanku ya durƙusa nan cikin taɓo da farar rigarsa. Ni babanku nake kallo. Ya daɗe tsaye dogare da sanda, yana duban ƙasa. Sannan ya zo ya kwance igiyar akwatin da hannunsa, ya sauke shi, ya ɗora bisa kansa.

"To, kun ji da kunnuwanku. Na ce da bakinta, ta ko hwaɗa da bakinta. Ba ni magana biyu. Kai, tashi hau jakin, Wurno ba kusa ta ba."

Ranar da shanun sunka iso, ban taɓa ganin Giyawa ta fito haka ba in ba salla ba. Bijimai biyu farare, manya, da igiya a hanci, da wani dattijo daga gonar Wurno mai kula da su, galmar kuwa an ɗauro ta bisa raƙumi tana ƙyalli. Masu shuka sunka bar shukarsu. Maƙeri ya zo ya shafa bakin galmar yana kaɗa kai. Fulani sunka jeru da sandunansu bisa kafaɗa, sun zo ganin wulaƙancin bijimi. Yara sunka hau tsamiya har reshe na lanƙwasa. Inna Tsohuwa, wadda ta ce jakinta ya gaji, ita ce a gaba, an kawo mata tabarma. Ni kuwa na ɗauki kwando na shiga ciyayin gefen gona, na ba su baya, wai ina tsinkar tafasa.

Anka ɗora wa shanun karkiya, yayanku ya kama galma ya yi bisimilla ya daka musu tsawa. Hayaniyar mutane ta firgita su. Maimakon su miƙe, sai sunka kwasa a guje sunka nufi inuwar tsamiya, suna jan galma, galma na jan yayanku, ƙafarsa ɗaya a sama. Gari ya kwashe da dariya, mai-unguwa har da riƙe ciki. Tumba ta leƙo inda nake.

"Mai-kira, ki sake kiran shi mana, ga shanu za su kai shi Gusau!"

Nan sunan ya samo asali, a bakin Tumba, Allah ya jiƙanta. Yayanku ya tashi ya kakkaɓe jikinsa, shi ma yana dariya. Ya roƙi mutane su ja baya su yi shiru. Ya je ya shafa wuyan bijiman yana yi musu magana ƙasa-ƙasa, dattijon Wurno ya kama igiya ya shiga gaba. Sai galma ta nutse. Jama'a, ƙasa ta riƙa buɗewa tana kifewa gefe kamar ana yanka tuwo, baƙa, mai laushi, tana tururi. Sunka kai ƙarshen gona sunka juyo, layi na biyu ya kwanta jikin na farko, miƙaƙƙe. Dariya ta mutu. Sai ka ji ana, kai, kai, kai. Balbelu sunka sauko suna bin bayansa suna tsintar tsutsa. Aikin da gayya ke wuni tana yi, kafin rana ta take tsaka an gama shi. Inna Tsohuwa ta miƙe ta rangaɗa guɗa da tsohuwar muryarta tana cewa a zo a ga angonta, ita ta raine shi. Da na koma gida na zazzage kwandona, babu tafasa ko ɗaya. Ciyawa ce zalla, har da ƙaya.

Amma kada ku ce abin ya tafi a banza. Kafin mako ya zagayo labarin ya kai Rabah, ƙanwar uwata ta taso daga can takanas ta zo ta zauna ɗakina ta yi mini faɗa har da hawaye, wai na zubar da tarbiyyar gidanmu a bakin rijiya. 'Yan mata sunka sa ni cikin waƙar daka. In na shiga gidan suna, sai in ga manyan mata sun matsa, hira ta canza. Na daɗe ina zuwa rijiya da tsakar rana don kada in haɗu da kowa. Dillalin fata ya yi fushi da babanku, don ya riga ya ba da magana a Gusau, abotarsu ba ta koma daidai ba har abada. Babanku kuwa duk daminar nan bai yi mini magana kai tsaye ba. Ya ari dabarata. Sai ya juya wajen bango ya ce, a gaya wa mai gayauna gishiri ya yi yawa. Na haƙura, don na san abin da ya rasa. Yaron da anka ba kujerar Gusau daga baya ya yi arziki, har motoci ya saya, yayanku kuwa ya ƙare ƙuruciyarsa bisa keke tsakanin ƙauyuka da laka a ƙafa, kamar yadda ubansa ya faɗa. Ku jikoki da kuke ƙare manyan makarantu kuna zuwa kuna tambayata wane aiki za ku kama, ni ban san ayyukanku ba. Abin da na sani, ban taɓa ganin ranar da ya fita aiki yana jan ƙafa ba.

Gyaɗar ta yi kyau, ban da wajen tsamiya inda shanun sunka yi gudu, nan ruwa ya kwanta ta ruɓe. Da kaka Baturen gona ya zo, wani dogo da ake ce wa Mai-lofe don tukunyar tabarsa ba ta barin bakinsa. Ya tuge gindi ɗaya ya duba, ya tambayi wurin da ya ruɓe, yayanku ya gaya masa gaskiya, ya yi dariya. An ce abin da ya fi burge shi ba gyaɗar ba ce, mutanen da sunka kewaye shi ne suna tambaya yaya za a yi su ma su sami shanu, mai-unguwa a gabansu. Ya tambayi mai gonar, anka ce uwar ɗalibin ce. Ya ce yana son ya gaishe ta. Na aika a ce masa ba ta nan. Kira ɗaya ya ishe ni abin magana, ba sai na ƙara da Bature ba. Damina ta gaba babanku ya ba da gefen gonarsa, wai don ya ga ƙaryar abin, ta bayanta ya ba da duka. Masu cewa shi ya hango nesa, daga nan sunka fara ba da labarin.

Bayan an ɗaure dawa anka kira yayanku Sakkwato. Ranar da ya dawo ina tsakar gida ina daka. Na ji sallamarsa a zaure, na ji ya yi magana da babanku, na ji babanku ya ce madalla. Na ɗauka ɗakin kakarsa zai wuce kamar kullum. Sai na ji tafiyarsa ta nufo ni, ta tsaya. Ban ɗaga kai ba. Da gefen ido na ga ya juya ya fuskanci bangon ɗakina, ya gyara tsayuwa, ya cire hula.

"A gaya wa mai gayauna an ɗauke ni."

Taɓarya ta yi mini nauyi a hannu. Na dubi cikin turmi na ce:

"A ce mai an ji. Akwai tuwo cikin akushi, ko wa ka so."

Ya ɗauki akushin ya zauna nan gindin bangon, inda bai taɓa zama ba, ya cinye tas ina daka. Sunan nan kuwa sau ɗaya ya fita bakina duk tsawon rayuwata, kuma ya yi aikin da anka aike shi. Ku duba takardar nan daga sama har ƙasa, ba za ku same shi ba.